Barga Biyu a Derbyshire, Bayan Dawaki Sun Tafi

Ban taɓa zaton wata rana zan biya kuɗi in sha shayi a cikin barga ba. A wurinmu barga wurin turke ne da harawa da warin doki, ba a kai baƙo can sai in ingarma aka je nuna masa. Amma ga ni a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, zaune a farfajiyar bargar gidan Chatsworth, kofi a hannuna, jama'a na shige da fice da yaransu da karnukansu. Na waiga dama da hagu ina neman doki, wanda na gani ɗaya ne tak, shi ma na tagulla ne, aikin wata gwanar sassaƙa mai suna Elisabeth Frink. Dawaki masu rai sun bar wannan wuri tun shekarar 1939. Abin da ya riƙe ni a kujerar nan har shayin ya huce shi ne yadda ginin bai bi su ba.

Chatsworth gidan gado ne na zuriyar Cavendish, masu riƙe da babbar sarautar nan ta Turawan Ingila da ake kira Duke, ta yankin Devonshire. Kakanninsu sun sayi filin a 1549, kuma har yau jikokin suna zaune a wani sashe na gidan. Mai zuwa daga birnin Sheffield zai ratsa tsaunuka da makiyayu kafin hanya ta gangaro da shi kwarin kogin Derwent, inda tumaki ke kiwo a sake har bakin titi. Daga kan gada mai baka 3 ake fara hango gidan, dutsensa ruwan zuma, tagoginsa na ƙyalli. Can a kan tudu, arewa maso gabas da shi, sai ga wani gini mai hasumiyar agogo, wanda baƙo zai rantse fada ce ta biyu. Ita ce bargar.

Basarake na 4 ne ya sa aka gina ta wajen shekarar 1760, mutumin da ya taɓa riƙe muƙamin firaministan Birtaniya na 'yan watanni tsakanin 1756 da 1757. Tsohuwar bargar gidan tana ƙasa kusa da kogi, tana tare wa mai isowa gani, sai ya sa aka rushe ta, ya kira wani masanin zanen gine-gine mai suna James Paine ya tsara masa sabuwa a kan tudu. Paine ɗin nan ne ya zana gadar da na ambata. Abin da ya gina murabba'i ne, kowane gefe wajen mita 58, bene hawa ɗaya, da gajeruwar hasumiya a kowace kusurwa, da fili a tsakiya. An yi wa dawaki 80 mazauni a ƙasa, tare da maƙera inda ake buga musu takalman ƙarfe. A sama kuwa rumbunan hatsi ne da ɗakunan kwanan 'yan barga.

Ƙofar shiga ita ce ta fi ɗaukar ido. Ginshiƙai 4 ne manya, an ɗaɗɗaure su da ƙullin dutse wanda aka bari da kaushinsa da gangan, don ginin ya yi kwarjinin ƙarfi maimakon laushin ado. Bisa ginshiƙan an sassaƙa tambarin gidan, barewa biyu kusan girman masu rai suna riƙe da garkuwa, kuma ƙahonin da ke kansu na gaske ne. Bisa wannan duka sai agogo. Na daɗe ina tunanin me ya kawo agogo a barga, sai daga baya na fahimci cewa a zamanin da talaka bai da agogon aljihu, wannan shi ke tsara yinin ma'aikatan gidan baki ɗaya: lokacin ba doki abinci, lokacin ɗaura karusa, lokacin tashi daga aiki.

Mai karatu na iya tambaya, duk wannan ɗawainiya don dabba? Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. Mu ma mun san darajar doki ta wuce ta abin hawa. Da shi ake auna sarauta ranar hawan salla, kuma a fadar Kano sarautar Shamaki asalinta kula da dawakin sarki ne. Haka abin yake ga manyan Ingila na ƙarni na 18. Doki ne motarsu, shi ne abin farautarsu da tserensu, kuma baƙon da ya iso gida a barga ake fara karɓar dabbarsa, daga nan ya fara ƙiyasta arzikin mai gida. Bambancin kawai shi ne yanayi. Dokinmu turke da rumfa da inuwa sun ishe shi yawancin shekara, nasu kuwa yana buƙatar bango mai kauri da rufi mai kare ruwa da ƙanƙara. Sanyi ne ya tilasta musu yin barga da dutse, alfahari kuma ya sa suka ƙawata dutsen.

Sarki goma, zamani goma. Jirgin ƙasa ya fara rage wa doki aiki, mota ta zo ta ƙarasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wata makarantar 'yan mata daga yankin Wales ta tare a babban gidan, bargar kuma ta koma ma'ajiyar kaya da garejin motoci. Babbar masifar ta zo a 1950, lokacin da Basarake na 10 ya rasu kwatsam, gwamnati ta buƙaci kashi 80 cikin 100 na dukiyarsa a matsayin harajin gado. Magajinsa ya sayar da filaye, ya miƙa wa gwamnati wasu daga cikin kayan tarihi mafi daraja, ya sallama wani gidan kakanninsu mai suna Hardwick. Shekaru da dama aka ɗauka kafin bashin ya biyu.

Ba Chatsworth kaɗai abin ya shafa ba. A tsakiyar ƙarni na 20 ɗaruruwan irin waɗannan gidaje aka rushe a Birtaniya, saboda haraji da tsadar gyara da rashin barori. Har ta kai a 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya shirya baje koli na musamman don nuna wa jama'a yawan abin da aka yi asara. Wani abin lura shi ne, sau da yawa gidan ne ke faɗuwa, barga ta tsira. A Clumber da ke gundumar Nottinghamshire an rushe gidan a 1938, amma farfajiyar bargar tana nan, a nan masu ziyara ke taruwa har gobe. Uban gida ya tafi, bara ya gaji fili.

Dalilin haka yana cikin tsarin ginin kansa, kuma a zaune a farfajiyar nan na fara gane shi. Ɗakin basarake an yi shi don aiki ɗaya ne. Bangonsa na da zane, rufinsa na da ado, ƙasansa katako ne mai tsada, ko ƙusa ba ka iya bugawa ba tare da ka ɓata wani abu ba. Barga kuwa an yi ta don wahala. Ƙofofinta masu faɗi ne don karusa ta shige. Rufinta mai tsawo ne don iska ta zaga, domin doki ba ya jure ɗaki mai cushewa. Daɓenta dutse ne mai magudanar ruwa, ana wanke shi kullum. Ƙofa ɗaya ake shiga, fili na tsakiya, ɗakuna na kewaye, kamar dai tsarin zaure da tsakar gida. Duk abin da doki 80 ke buƙata, wato iska da fili da ƙasa mai jure kofato, shi ne abin da taron jama'a ke buƙata.

Masu gidan ba su gane haka da wuri ba. Shekaru bayan an sake buɗe gidan ga masu ziyara, ba a tanadar musu abinci ba. Sai a shekarun 1970 aka fara sayar da shayi a tsofaffin mazaunan dawaki. Daga baya aka mai da ɗakin ajiye karusa, wanda Basarake na 6 ya ƙara a bayan bargar a shekarun 1830, babban gidan cin abinci. Matar Basarake na 11, Deborah, wadda ta rasu a 2014, ita ake yawan jingina wa wannan basira ta kasuwanci. A 1981 aka danƙa gidan da lambunsa ga wata gidauniya, har zuriyar da kansu suka koma biyan haya a sashen da suke zaune. Yau kantin da ɗakunan cin abinci da ke cikin bargar suna daga cikin abin da ke taimaka wa gidan ya tsaya da ƙafarsa. Ɗakunan 'yan barga na sama kuma an mai da su gidajen ma'aikata da waɗanda suka yi ritaya.

Washegari na hau mota zuwa Buxton, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta yamma, cikin tsaunuka da katangun dutse da aka jera ba tare da laka ba. Buxton gari ne a kan tudu, mai iska mai ratsa ƙashi, kuma sunansa ya fito ne saboda ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda tun zamanin Rumawa ake zuwa wanka da shi. Na tarar da mutane a layi da jarkoki a bakin rijiyar da ake kira St Ann, kowa na ɗiba kyauta. Na tara hannu, ruwan da ɗuminsa kamar wanda ya kwana a randa da bazara.

Ɗan wancan basarake, wato na 5, shi ya so ya mai da Buxton wurin shaƙatawar manya. Da ribar da ya samu daga ma'adinin jan ƙarfe na Ecton, ya sa John Carr, wani masanin gini daga birnin York, ya gina masa masauki mai siffar jinjirin wata a shekarun 1780. Baƙin da za su sauka a nan da dawaki za su zo, don haka Carr ya gina barga a bayan masaukin, mai ɗaukar doki fiye da 100 tare da barorin baƙin. Daga waje kusurwa 8 gare ta. Daga ciki kuwa fili ne zagayayye ba rufi, an kewaye shi da jerin ginshiƙai masu ɗauke da rumfa, yadda za a iya zagayawa da dawaki su motsa jiki ko ana ruwa.

Da jirgin ƙasa ya kusanto, dawaki suka ragu, sai wata ƙungiyar agaji da ke kawo talakawa masu ciwon gaɓoɓi su yi jinya da ruwan garin ta nemi a ba ta wuri. A 1859 aka mai da wani sashe na bargar asibiti, dawaki na gefe, marasa lafiya na gefe. Bayan wajen shekara 20 sai aka ba asibitin ginin gaba ɗaya, bisa sharaɗin a gina wa dawakin wata bargar a cikin gari. Kuɗin aikin ya fito ne daga wata gidauniyar jinya ta yankunan masaƙun auduga, wadda ta samo asali daga ragowar kuɗin agajin da aka tara lokacin da yaƙin basasar Amurka ya yanke wa masaƙun Lancashire auduga, ma'aikata suka shiga yunwa. Wato ginin da aka yi wa dawakin attajirai ya koma wurin jinyar leburorin masaƙa.

Wanda aka ba aikin mazaunin garin ne, Robert Rippon Duke. Duke ɗin nan sunan gidansu ne kawai, ba shi da wata sarauta. Abin da ya yi ya nuna ƙarfin hali: ya ɗora ƙubba ɗaya a kan filin tsakiyar gaba ɗaya, ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Faɗinta mita 44 ne, ta ɗara ta tsohon ginin Pantheon da ta majami'ar Saint Peter da ke birnin Rum. Haƙarƙarinta ƙarfe ne, an lulluɓe ta da fallayen baƙin dutse, kuma a kan da'irar ginshiƙan Carr ta zauna. Ana cikin aikin ne gadar jirgin ƙasa ta kogin Tay a Sikotland ta karye cikin guguwa, ranar 28 ga Disamba 1879, jirgi ya faɗa ruwa da fasinjojinsa. Wannan ya sa aka sake duba lissafin ƙubbar, aka ƙara mata ƙarfi saboda bugun iska. An kammala a farkon shekarun 1880, asibiti mai gado 300.

Gani ya kori ji. Na shiga ta wata 'yar ƙofa da ba ta nuna komai, na bi wani lungu, sai kawai na ga sama ta buɗe. Haske na saukowa daga tagogin da ke ƙoli, ginshiƙan na tsaye a da'ira kamar dogarai. Na je tsakiyar filin na yi gyaran murya, sai muryata ta dawo mini daga kowane gefe, har na ji kunya na matsa. A wurin nan aka taɓa zagayawa da dawaki, a nan kuma aka jera kujerun guragu na marasa lafiya fiye da shekara 100. Asibitin ya shiga hannun hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, aka rufe shi a 2000. A 2001 Jami'ar Derby ta karɓi ginin, ta gyara shi ya zama wurin karatu, inda matasa suka koyi girki da kula da baƙi da sauran sana'o'i, ana kuma hayar filin don biki da taro. Barga, asibiti, makaranta: rai uku a jiki ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi daidai. Akwai abin da ya tsaya mini a rai a wuraren biyu. Dokar ƙasar, wadda ta samo tushe tun shekarun 1940, ta sa ana rajistar gine-ginen tarihi, kuma ba a taɓa wanda aka yi wa rajista sai da izini. Amma doka dutse take karewa. Ba ta kare wari da ƙara da gumin da suka sa wurin ya zama barga. Sunan basarake da na mai zanen gini suna ko'ina a rubuce. Yaron da ke tashi da asuba cikin ƙanƙara ya kwashe kashin doki, ya goge sirdi da linzami, ya kwana bisa rumbun hatsi, shi sai mai ziyara ya yi ƙoƙari kafin ya tuna da shi. Sa'annan akwai haɗarin kasuwa. In aka cika wuri da kayan tsaraba da allunan farashi, ido na iya shagala har mutum ya fita bai ɗaga kai ya ga baka ko ginshiƙi ba. Na ga masu yawa da suka ci suka sha suka tafi, ban tabbata sun san a barga suka zauna ba.

Duk da haka, da na auna, sai na ga gara wannan da kango. Ginin da ba kowa cikinsa ba mai lura da ranar da rufi ya fara yoyo. Wanda ake dafa abinci ko ake karatu a cikinsa kuwa, dole a gyara indararo kafin damina, domin akwai wanda ruwan zai zubo wa. Abin da ya ceci barga biyun nan ba ƙaunar tarihi ba ce kaɗai. An samo musu aikin da ke kawo kuɗin gyara, kuma waɗanda suka yi sauyin sun bar ƙashin ginin yadda yake. Rippon Duke bai rushe ginshiƙan Carr ba, a kansu ya ɗora nasa. Masu Chatsworth ba su toshe farfajiyar ba, kujeru kawai suka zuba.

A hanyar komawa sai gidanmu ya faɗo mini a rai. Kakana na da doki, kuma ina tune da bargarsa a gefen zaure, ginin ƙasa mai rufin azara, da turke biyu da suka yi santsi don gugar igiya, da kwamin da ake zuba dusa da kanwa. Bayan rasuwarsa aka sayar da dokin, ɗakin ya zauna a rufe damina uku ko huɗu, bango ɗaya ya zauna. Muka taru muka yanke shawarar rushewa, aka yi shaguna biyu na bulo da kwano. Ni ma na sa baki, kuma ban ce a bari ba. Ba wanda ya kawo shawarar a yaɓe bangon, a buɗe ƙofa ta waje, a yi shagon a cikin ɗakin yadda yake, alhali da zafin rana ya fi na bulon sanyi nesa ba kusa ba.

Ba na cewa ƙasa da dutse ɗaya ne. Ginin ƙasa na neman yaɓe a kai a kai, kuma magina masu iya baka da ɗaurin guga suna ƙaranci. Amma wannan ma hujja ce a kanmu, domin ginin da ya fi saurin lalacewa shi ya fi buƙatar mai zama a ciki. Muna da misalin da ya yi kyau a Gidan Makama na Kano, wanda ya zama gidan tarihi, ya kuma tsira saboda an ba shi aiki. Sauran fa? Tsofaffin zaurukan attajirai da gidajen hakimai da bargar da dawakinta suka ragu suna nan a birane da garuruwanmu, magada na jiran ranar rabon gado su kira mai tifa. Da yawansu za su iya zama ɗakin karatu na unguwa, ko makarantar dare, ko shagon masu dukanci da saƙa, ko masaukin baƙi lokacin hawan salla. Abin da ake buƙata shi ne magada su tambayi magini kafin su tambayi dillali, masana gine-gine na jami'o'inmu su sauko su nuna yadda ake shigar da wuta da ruwa a ginin ƙasa ba tare da an kashe shi ba, hukumomi kuma su sauƙaƙa wa wanda ya zaɓi gyara a kan rushewa.

Da na dawo gida na je na tsaya gaban shagunan nan biyu. Ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da kayan masarufi, kuma masu hayar suna biya a kan lokaci. Na tambayi ƙanena inda turakan kakanmu suka shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce yana jin an yi makamashi da su tun ranar da aka yi rusau ɗin.